Kawu Daidai, Maginin Cocinmu

Kawuna magini ne. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a hannunsa na tashi tun ina 'yar shekara shida. Daga unguwa har wurin aiki ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, Daidai ake ce masa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Leburori za su wuni suna jera bulo, ya zo ya ɗora igiyar awo, ya runtse ido ɗaya, ya ce bai yi daidai ba, a rushe. Ko shayi aka miƙa masa sai ya ɗan jinkirta kafin ya ce ya yi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye masa tafin hannu har ba ya jin zafin tukunya idan ya sauke ta.

Ya shigo garin nan yana saurayi, bayan rasuwar iyayensu, da akwatin ƙarfe ɗaya da ƙanwarsa a bayansa. A lokacin babu cocin Lutheran a duk garin. Akwai wasu coci-coci, ya kuma leƙa su, amma ya ce waƙoƙin ba su ne waɗanda uwarsu ke rerawa ba. Wata rana ya kai ɗinkin wando wurin wani tela a bakin kasuwa, sai ya ji telan yana taka keke yana rera ɗaya daga cikin waƙoƙin nan ƙasa-ƙasa. Kawu ya kama masa baiti na biyu. Tela ya tsayar da keke ya dube shi. Lahadin da ta biyo baya suka taru a ɗakin bayan shagon, su bakwai: tela da matarsa, wata nas ta asibitin gari, wani tsohon direba da 'yarsa, sai Kawu da Mama. Suka ture kekunan ɗinki jikin bango, suka zauna a kan ɗaurin yadi. Ba fasto, ba bagade. Tela ne ke karatu, nas ta ja waƙa. Mama ta ce duk wanda ya durƙusa yin addu'a a ɗakin nan sai ya tashi da zare a gwiwa.

Shekara uku suka yi a bayan shagon. Da suka kai mutum talatin, wasu na tsaye a ƙofa, sai suka samu fili a ƙarshen gari, kusa da inda ake yanka katako. Kawu ne ya ɗora musu ɗaki na farko: bango huɗu, taga biyu, rufin kwano. Yana tashi daga aikin da ake biyansa sai ya wuce can, ya yi ta yi har rana ta faɗi. Da aka zo maganar bencina, sai wani kafinta daga wurin yankan katako ya ce zai yi. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da fensir a bayan kunne, ba ya kuma rabuwa da wasa. Kawu ya sa masa suna Ƙusa, wai don tsawonsa da ƙaramin kansa. Shi kuma ya ce ai gara ƙusa da guduma, ita tana shiga ta zauna, guduma kuwa sai hayaniya. Benci goma aka ce ya yi. Ya yi goma sha biyu, ya kuma ja aikin har wata huɗu, domin Mama ce ke kawo wa Kawu abinci. Wannan kafinta shi ne mahaifina.

Mutanen da suka san su tare sun ce ba su taɓa ganin surukai irinsu ba. Kullum suna faɗa, kullum suna tare. Baba ya kan ce da Kawu yana nan ranar da aka halicci duniya, da har yau ba a gama ba. Kawu ba ya dariya, sai dai ya ce wanda ya kasa yanka katako a miƙe ba shi da bakin magana. Amma duk ginin da Kawu ya samu, Baba ne mai rufinsa.

Ina 'yar shekara huɗu aka buɗe masaƙa a garin. Ma'aikata suka yi ta zuwa daga ko'ina da iyalansu, a cikinsu akwai 'yan Lutheran da yawa. Cikin shekara biyu ɗakin Kawu ya kasa ɗaukar rabin mutane. Aka kafa rumfa a gefe, ita ma ta cika. Aka turo mana fastonmu na farko, mutum mai sanyin hali da ake kira Fasto Mai Keke, aka zaɓi dattawa, aka kafa zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa. Daga nan aka yanke shawarar gina babbar majami'a mai cin mutum ɗari huɗu, da rumfar kankare a bakin ƙofa a kan ginshiƙai huɗu. Ba a ma tattauna wanda zai yi ginin ba. Mata suka ɗebo ruwa, maza suka buga bulo ranar Asabar, Kawu yana bin kowa da igiyarsa.

Gini ya kusa kammala sai saƙo ya zo cewa Bishop, shugaban fastocin ɗarikarmu, zai biyo ta yankinmu, kuma zai tsaya ya keɓe majami'ar. Aka faɗi rana. Idan ta wuce, ba a san yaushe zai sake zuwa ba. Komai ya gamu sai rumfar bakin ƙofa, wadda ba a daɗe da zuba kankarenta ba, tana tallafe da turakun katako kusan arba'in. Ta tsakanin turakun nan ba yadda Bishop da jerin fastoci za su wuce. Kawu ya ce kankare yana son mako huɗu kafin a cire masa tallafi, ranar keɓewa kuwa kwana goma sha uku ne da zubawa. Dattawa suka fara zirga-zirga zuwa gidansa. Wannan ya ce rana tana da zafi, ai ya bushe. Wancan ya ce a wani gari ya ga an cire a kwana goma ba abin da ya faru. Wani ya ce masa taurin kai ba ibada ba ne, kada ya kunyata ikilisiya a gaban baƙi. Fasto Mai Keke bai matsa masa ba, bai kuma hana masu matsawa ba.

A kwana na goma sha ɗaya da safe, Kawu ya hau tsani ya ƙwanƙwasa kankaren da guduma. Baba yana ƙasa, domin cire turaku aikin kafinta ne. Tsohon direba yana wurin, shi ya ba ni labarin bayan na girma. Ya ce Baba ya ɗaga kai ya tambaya:

"Daidai, ya yi?"

Kawu ya sake ƙwanƙwasa kankaren. Sannan ya ce, "Ya yi."

Baba ya ce yau kam a rubuta ranar, Daidai ya ce abu ya yi. Ya ɗauki gudumarsa ya shiga ƙarƙashi. Ya kori samarin da suka so taya shi, ya ce su ja baya su riƙa karɓar katako. Ya cire turakun gefe, ya zo na tsakiya. Direba ya ce ba wata babbar ƙara aka ji da farko ba, sai wani ƙas-ƙas kamar ana karya busasshen reshe. Sannan rumfar ta sauko.

Kawu ne ya tono shi da hannunsa. Farce uku suka fita a yatsunsa bai sani ba. Nas ta iso da gudu daga asibiti, ta durƙusa, ta taɓa wuyan Baba, ta cire ɗankwalinta ta rufe masa fuska. Ina gida a lokacin, ina wasa da ƙanena a tsakar gida. Abin da na iya tunawa shi ne matar tela ta shigo ba sallama, ta kama Mama ta zaunar da ita a kan turmi kafin ta buɗe baki.

Bishop ya zo a ranar da ya ce, amma jana'iza ya yi.

Bayan mako biyu Kawu ya je gaban dattawa ya ce a sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi a sujada, domin ya faɗi abin da ya san ba gaskiya ba ne, mutum kuma ya mutu a kan maganarsa. Waɗanda ya kamata su hukunta shi su ne waɗanda suka yi ta sintiri a ƙofarsa, ba wanda ya iya ɗaga ido. A ƙarshe Fasto Mai Keke ya ce hatsari ne, ikilisiya ba ta riƙe shi da laifi ba, aka yi addu'a aka tashi. Kawu ya fito ya fi shigarsa nauyi.

Shi kaɗai ya kwashe ɓaraguzan. Ya sake ɗaure rodi, ya sake zuba kankare, ya bar turaku kwana arba'in, ba wanda ya ce masa uffan. Shekara na zagayowa aka keɓe majami'ar. Aka yi jeri daga tsohon ɗaki zuwa sabon gini, ana waƙa, Kawu yana cikin jerin da farar rigarsa. Da aka iso gindin matakala sai ya fita daga layi. Mutane suka wuce shi suka shiga. Ya zagaya gefen gini, ya samu wani bulo da ya rage a ƙarƙashin taga ta uku, ya zauna. Daga ranar, can ne wurin zamansa duk Lahadi. Ba ya makara, ba ya fashi. Idan an tashi tsaye ya tashi, idan an durƙusa ya durƙusa a kan tsakuwa. Da damina ya zo da lema. In kwano ya yi yoyo ko fenti ya koɗe, ya kan shiga ranar Talata ya gyara, amma lokacin sujada ƙafarsa ba ta haye matakalar nan.

Ya kwashe mu daga gidan haya ya kai mu gidansa, ya ba mu ɗakuna biyu na ciki, shi ya koma ƙaramin ɗakin bakin ƙofa inda yake ajiye kayan aiki. A da akwai wata cikin mawaƙa da ake maganar aure tsakaninsu. Ya je ya ba ta haƙuri, ta jira shi shekara biyu, sannan ta auri wani malamin makaranta. Ni da ƙanena ba mu taɓa rasa takalmi ko littafi ba. Shi ke duba mana aikin gida, ko da yake karatunsa bai yi nisa ba, abin da ya fi dubawa shi ne ko layin da muka ja ya miƙe.

Mama kuwa ba ta taɓa faɗa masa baƙar magana ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, da safe ta ce, "Yaya, ina kwana," ya amsa. Iyakarta ke nan. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon fuskarsa idan tana magana, sunan Baba kuma ba a ambatarsa idan su biyun suna wuri ɗaya. A coci ta bar ɓangaren da mata suka saba zama, ta koma ɗaya gefen, nesa da taga ta uku. Ina yarinya na ɗauka haka kowane wa da ƙanwa suke.

Ikilisiya ta ci gaba da girma. Sujada ɗaya ta zama biyu, ta zama uku. Aka buɗe makarantar firamare a tsohon ɗakin farko, aka ƙara ɗakin shan magani. Aka haifi ƙananan ikilisiyoyi uku a sababbin unguwanni, biyu daga cikinsu Kawu ne ya sa musu harsashi. Fasto Mai Keke ya yi ritaya, wasu suka zo suka tafi. Tela ya rasu, direba ya rasu, nas ta koma wurin 'ya'yanta a wani gari. Dattawan da suka san abin da ya faru suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sababbin zuwa suna ganin tsoho zaune a waje kullum sai suka ɗauka maigadi ne. Wani ya ce masa, "Baba, a sa mini ido a kan motar nan," wata ta bar masa jaka ta ce za ta dawo. Bai taɓa gyara musu ba. Ya kan karɓa, ya kuma sa idon. Ranar da na ji wata mata tana yi masa faɗa wai ya bar yara sun jingina da motarta, na taso zan yi magana, ya riƙe mini hannu ya ce in bari, ai gaskiyarta ne, ya ga yaran bai hana su ba.

Da aurena ya zo, na roƙe shi ya shiga da ni, tun da ba ni da uban da ya wuce shi. Ya ce to. Ya ɗinka sabuwar riga, ya yi aski. Muka sauka daga mota, na riƙe hannunsa, muka taka har gindin matakala. A nan ya ja ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar da ke samanmu, ya sake dubana, ya ce, "Yafe mini, 'yata." Ya ɗora hannuna a hannun ƙanena, ya koma gefen gini. Na shiga ina kuka, mutane suka ɗauka kukan amarya ne.

Bayan shekaru aka turo mana wani matashin fasto, mai gilashi, mai son tambaya. Shi ne ya fara tambayar wane ne tsohon nan, aka rasa mai ba shi cikakkiyar amsa sai da aka turo shi wurina. Daga nan ya ɗauki Kawu kamar aikin da aka ba shi. Ya kan zo ya zauna kusa da shi bayan sujada, ya yi masa bayanin cewa gafara kyauta ce, ba a sayenta da wahala, kuma shekarun da ya yi a kan bulon nan ba su ƙara masa komai a gaban Allah ba. Kawu ya kan saurara da ladabi. Rannan da bayanin ya yi tsawo sai ya ce:

"Fasto, duk abin da ka faɗa na yarda. Tun kana yaro nake jinsa ta tagar nan. Ban taɓa shakkar Allah ba. Amma ba shi na mayar gwauruwa ba."

Fasto ya cire gilashi ya goge. Ya je wurin Mama. Ta karɓe shi da fara'a, ta ba shi ruwa, ta ce ita ba ta riƙe kowa a zuciya ba, ta canza magana.

A shekara ta ashirin da bakwai da rasuwar Baba aka fara gini na uku, mai bene, da injiniya da manyan injuna, a filin da ke bayan makaranta. Ba a nemi shawarar Kawu ba, bai kuma damu ba. Ya kan je ya tsaya a bakin shinge ya yi kallo. A can ya faɗi wata ranar Alhamis da hantsi. Da aka kai shi asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, bakinsa ya karkace, magana ta koma sai an kasa kunne sosai.

Na so in ɗauke shi zuwa gidana, Mama ta ƙi. Ta mayar da shi ɗakin ciki, ta koma kwana a tabarma a bakin gadonsa. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke aske masa gemu. Dole ta riƙa kallon fuskarsa yanzu, don ta gane abin da yake son faɗa. Wata huɗu ana haka.

Wata rana da la'asar na zo dubiya na same ta tana shafa masa mai a hannun da ya mutu. Ina ninke kaya a gefe. Ba tare da ta ɗago ba ta fara magana, muryarta kamar mai ba da labarin kasuwa. Ta ce da safen ranar, kafin Baba ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, ya ce mata kankaren nan bai nuna ba, shi ma ya sani, ya taɓa shi jiya. Ya ce amma dattawa sun hana yayanki barci, idan ya ce a cire, ni zan cire da kaina, ba zan bar yaran mutane su shiga ƙarƙashi ba. Ta ce ta ce masa to ya kula, ta ci gaba da shara.

"Ya sani, Yaya," in ji ta. "Ba maganarka ya bi ido rufe ba. Da saninsa ya shiga. Ni ma na ji, ban hana shi ba."

Kawu ya zuba mata ido.

"Na so in faɗa maka tun a makon farko. Sai na ga idan na faɗa, ba ni da wanda zan ji haushi sai shi da kaina. Na ce bari sai an kwana biyu. Kwana biyun ke nan."

Na tsaya da riga a hannu. Kawu ya yi ta motsa baki, magana ta ƙi fita. Hawaye yana gangarowa ta gefen da ya karkace yana shiga kunnensa. Da ƙyar ya haɗa kalmomi, sai da ya maimaita sau uku muka gane. Cewa yake, "Duk da haka, bai yi ba. Na ce ya yi." Mama ta ce ta sani. Ta ce ba ta ce ba shi da laifi ba, ta ce ne ba shi kaɗai ba ne. Ta kifa kanta a kan katifa kusa da kafaɗarsa. Ya ɗago hannun hagu, mai lafiyar, ya ɗora mata a ka. Na fita na bar su.

Lahadin da ta biyo baya matashin fasto ya zo gida bayan sujada ta uku, da ƙaramin akwatinsa. Mama ce ta aika a kira shi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin da ake ajiye magunguna. Kawu ya karɓi Jibin Ubangiji a kwance, Mama tana tallafe da kansa, ita ma ta karɓa a durƙushe. Rabin abin da ke cikin ƙoƙon ya zubo ta gefen bakinsa, ta goge masa da bakin zanenta.

Bai ƙara mako shida ba ya rasu, da safe, Mama tana dama masa abin sha. A wurin jana'iza fasto ya ba da tarihinsa tun daga shagon tela, na ga mutane suna juyowa suna kallon juna. Wani mutum mai babbar riga ya same ni bayan an tashi, ya ce shekara tara yana ba tsohon nan ajiyar mota, bai taɓa tambayar ko wane ne ba. Na ce masa ya gode Allah motar ba ta taɓa ɓata ba.

Mama tana nan da ranta, ta haura saba'in. Ta ƙi barin gidan. Ba ta cika magana ba, amma yanzu idan jikoki suka zo ta kan ba su labarin yayanta da mijinta, yadda suke faɗa a kan tsawon katako har abinci ya huce. Wani lokaci tana cikin labarin sai ta tsaya, ta ce shekara ashirin da bakwai, ta girgiza kai, sannan ta tambayi yaran ko sun ci abinci.